Dariyar Aro Ta Bayan Katako

Anti Beryl,

Don Allah ki taimake ni, kuma ki hanzarta, sati uku kacal suka rage mini. Na san yawancin masu rubuto miki kukan aure suke kawowa, ko na maƙwabcin da karensa ya hana su sakat. Ni tawa matsalar dariya ce, kuma dariyar ma ba tawa ba ce.

Shekarata arba'in da bakwai, ina aiki a wata jami'a nan Adelaide. Ba zan faɗi sunanta ba, sunayen mutanen ma duk na sauya su. Mu huɗu ne a rukuninmu. Aikinmu tsofaffin labaran nan da jaridu suka riƙa bugawa kashi-kashi fiye da shekara ɗari da suka wuce, na mahaƙa zinariya da masu askin tumaki. Sun haura dubu ashirin, babu mai ran da zai karance su, shi ya sa muke koya wa kwamfuta ta karanta mana. Bana Tevita, mai haɗa mana manhaja, ya ce yana son ta iya gane wurin ban dariya da wurin ban tausayi a labari. To ita na'ura ba ta san komai ba sai abin da aka nuna mata. Dole mutum biyu su zauna, kowa shi kaɗai, su karanta sakin layi dubu uku, su yi wa kowanne alama: ban dariya, ban tausayi, ko babu ko ɗaya. In alamominsu suka yi daidai da juna ba tare da sun haɗa baki ba, an samu abin koyar da na'ura ke nan. Duk darajar aikin tana kan wannan rashin haɗa bakin. Shugabarmu, Farfesa Dunstan, ta zaɓe ni da abokiyar aikina Narelle.

Anti, ni ba na dariya. Ba fushi nake ba, haka Allah ya yi ni. Ranar gwaji na karanta sakin layi sittin, ban ga na dariya ko ɗaya ba. Farfesa ta dubi takardar, ta dube ni ta saman tabarau, ta ce, “Kai kam ko cakulkuli aka yi maka sai ka nemi hujja.” Tevita ya kwashe da dariya, tun daga ranar yake kirana Sarkin Makoki. Na yi murmushin yaƙe, amma wallahi abin ya yi mini ciwo. Shekara ashirin ina nazarin adabi, a ce ban san inda ake dariya ba?

Ofishina da na Narelle asalinsu ɗaki ɗaya ne aka raba da katako. Tevita ya tsara abin yadda kullum daga tara zuwa sha ɗaya na safe sakin layi ɗaya zai fito mana a allo lokaci guda, bayan minti biyu ya wuce, wani ya zo. Washegarin gwajin ina zaune ina harara wani labari na fasto da rago ya biyo shi har cikin rafi, sai na ji Narelle ta tuntsire ta bayan katako har da dukan tebur. Hannuna ne ya danna “ban dariya”, ban aike shi ba. Na ce daga wannan shi ke nan. Ina! Sati goma na yi ina kasa kunne. Har na san kalolin dariyarta: akwai ta hanci, akwai mai dukan tebur, akwai wadda take ƙarewa da tari. Duk wadda na ji, sai in danna.

Sau ɗaya asirina ya kusa tonuwa. Ashe saƙon ƙanwarta take karantawa a waya ta yi dariya, ni kuwa na danna “ban dariya” a wurin da wata mata take binne mijinta. Da Tevita ya tambaye ni, na murtuke fuska na ce akwai habaici a ɓoye wanda ba kowa zai gani ba. Farfesa ta ce kai, wannan zurfin karatu ne. Yanzu haka maganar tana cikin takardarmu, da sunana a jiki.

Da aka haɗa alamominmu, mun yi daidai casa'in da huɗu cikin ɗari. A irin wannan aiki in an samu saba'in ma murna ake. Ranar Alhamis wajen shayin hantsi Farfesa ta zo da kek mai kwakwa da ta gasa da kanta, ta rubuta 94 a kai. “Ga tagwayena!” in ji ta. Tevita ya rungume ni har ƙafata ta bar ƙasa, ya ce, “Ashe kana ciki, Sarkin Makoki, ɓoye mana kake!” Na ci yanka biyu, kowanne ya tsaya mini a wuya.

Ga inda gizo ke saƙar. Narelle a gonar tumaki ta tashi, kuma babu abin da ke kashe ta da dariya kamar dabba ta kunyata babban mutum. Doki ya kada alƙali, akuya ta cinye hular ɗan sanda, shi ke nan sai tari. Na'ura ta koyi wannan tsaf. Yanzu Tevita ya rubuta takarda cewa barkwancin marubutanmu na dā kusan duk a kan dabbobi da manya yake, kuma zai gabatar da ita a babban taro a Wellington nan da sati uku. Karo na farko ke nan da sunansa zai zo a gaba. Mahaifiyarsa za ta taso daga ƙasarsu Tonga don ta zauna a layin farko, matarsa ta ɗinka masa sabuwar riga. Shi a zatonsa ya gano halin marubutan ƙasa guda, alhali halin Narelle kawai ya gano, an ƙirga shi sau biyu.

Kada ki ɗauka duka ha'inci na yi. Ɓangaren tausayi da gumina na yi shi. A nan ba na buƙatar kowa, don hawayena a bakin ido suke. Da uwa ta tsaya a tasha tana jiran ɗan da ba zai dawo ba, sai kuka, sai fyace hanci, kuma matata ta sha gaya mini fyatar hancina kamar hon ɗin tirela. Narelle, Allah ya saka mata, a sati na biyu ta ajiye mini ƙaton kwalin tishu ta ce, “Fyace abinka da ƙarfi, ɗan'uwa, kada ka cuci kanka.” Ita kuwa busasshen ido gare ta, ko a jana'izar mahaifinta ita ke raba shayi tana tsokanar mutane. Amma kin ga ikon Allah, a nan ma mun yi daidai casa'in da ɗaya. Wannan lambar kaɗai nake kallo in ji ni mutum ne.

Me zan yi, Anti? In na yi shiru, wataƙila har abada ba mai ganewa. In na yi magana, na rusa wa Tevita ranarsa, Farfesa ta daina yarda da ni, Narelle kuma, baiwar Allah da ta yi aikinta tsakani da Allah, ta ji cewa sati goma ina laɓe da dariyarta. Wannan kunyar ta fi komai damuna.

Naki,
Sarkin Makoki, Adelaide

Ya kai Sarkin Makoki,

Sannu da ɗawainiya. Kai da ba ka dariya ka sa ni na yi har shayi ya sarƙe ni, saboda haka kada ka yanke ƙauna da kanka.

Na auna shirun da kake tunani, kuma ba zan ce ba shi da daɗi ba. Tevita zai sha tafi, tsohuwarsa ta koma Tonga da labari, kai kuma ka ci gaba da zama tagwai. Amma ku masu bincike kun fi ni sanin halin junanku. Gobe wasu a wata jami'ar za su ɗauki labaran nan su ba mutum biyu na daban, su samu sittin da ɗoriya, su fara tambaya. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kuma ranar da ya ƙure, ba kai za a nuna da yatsa ba, wanda sunansa ke gaba za a nuna. Shirunka ba rufa wa Tevita asiri ba ne, tura shi kake ya hau reshen da ka san ka riga ka sa wa zarto.

Laifin ma ba naka ne kai kaɗai ba. Wanda ya raba mutum biyu da katako ya ce kada su ji juna, da wadda ta yi maka ba'a ranar da ka faɗi gaskiyarka, duk suna da kaso. Sifilin nan da ka samu ranar gwaji ba abin kunya ba ne. Ai don a ga inda mutane ke saɓawa aka sa mutum biyu, in ba haka ba da ɗaya ya isa. Amma kada ka je da wannan a bakinka. Ka ɗauki naka laifin, ka bar kowa ya tsinci nasa.

Kada ka je da kuka kawai, ka je da gyara. Sati uku na isa a sake alamar sakin layi ɗari shida ko fiye, kai a wani gini, ita a wani, a kuma hautsina jerin yadda ba za ku karanta abu ɗaya lokaci ɗaya ba. Duk lambar da ta fito, ita ce taku. Ka ce su cire maganar habaicin matar nan mai binne miji, ka bar baiwar Allah ta yi makokinta. Tevita zai yi fushi, haƙƙinsa ne, ka tsaya ka sha. Amma zai hau dandamali da abin da zai iya karewa, kuma na tabbata masu sauraro za su fi riƙe labarin na'urar da ta koyi dariyar mace ɗaya fiye da kowace lamba. Tsohuwarsa kuwa ɗanta ta zo gani, ba casa'in da huɗu ba.

Sai dai kafin Tevita, kafin Farfesa, ka fara da Narelle, gobe da safe. Na karanta wasiƙarka sau biyu, wani abu ya tsaya mini. Mace mai busasshen ido, da namiji mai hanci kamar hon ɗin tirela, sun yi daidai casa'in da ɗaya a kan abin tausayi. Ita ce kuma ta sayo tishu da kanta, ta ce ka fyace da ƙarfi. Ɗana, wa ya gaya maka katakon nan gefe ɗaya kawai yake kai sauti?

Ban rantse ba, ban ga zuciyarta ba. Amma ka haɗa shayi kofi biyu, ka rufe ƙofa, ka faɗi naka tukuna, sannan ka yi shiru ka dubi fuskarta. Ina kyautata zaton ba kai kaɗai kek ɗin nan ya tsaya wa a wuya ba, kuma mutum biyu za su ƙwanƙwasa ƙofar Tevita, ba ɗaya ba.

Allah ya ba ka ƙarfin hali, ya sanyaya zuciyar Tevita, ya kai tsohuwa Wellington lafiya. In kuma a ɗakin Narelle ka ji wani abu ya taso maka daga ciki yana neman fita, kada ka danne shi. Wannan dariyar taka ce.

Anti Beryl