Kwalbar da Marwa Ta Manta a Kan Taga

Takur, Dutse
4 ga Maris, 2002

Uwata Marwa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya karatu? Innarki na gaishe ki. Ni kuwa na tafka ɓarna, gara ki ji daga bakina.

Kin tuna 'yar kwalbar nan mai shuɗin gari da kika manta a kan taga? Kin ce jan ƙarfe kuka haɗa da wani abu amino asid, wai yana kashe ƙwayoyin cuta. To, ni da na tsaya a aji huɗu na firamare, ƙarshen maganar kawai na riƙe. Ƙaiƙayin tsakanin yatsun ƙafa ya ishe ni, na ce ga likita a gida me zai kai ni layin asibiti? Na kwaɓa garin kaf da man kaɗanya na shafa.

Uwata, ƙafa ta koma kamar an tsoma ta a bula. Wajen alwala Malam Nata'ala ya tambaye ni yaushe na fara rini. Ga shari'a ta zo gari, ga ɓarawo yana yawo da shaida a ƙafa.

Ki yafe wa tsohonki,
Ɗanladi

Zariya
11 ga Maris, 2002

Baba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, kai da Inna.

Don Allah ka wanke ƙafar, ka je asibiti yau. Garin nan bai zama magani ba tukuna. A farantin gilashi muke gwada shi: mu shuka ƙwayoyin cuta, mu ɗiga shi, mu auna filin da suka kasa tsirowa. Ba mu taɓa sa shi a jikin mutum ba, kuma yana iya cin fata.

Na yi dariya har da hawaye. Amma Baba, wata biyu na yi ina haɗa shi, kuma shi ne aikina na kammala digiri. Malamina bai yarda ba. Ya ce ya sha jin "akuya ta zubar", amma "babana ya shafe" yau ya fara ji. Idan bai ƙara mini lokaci ba, sai na maimaita shekara.

Allah Ya ƙara maka lafiya.
'Yarka, Marwa

Takur
15 ga Maris

Uwata,

Na je asibiti. Ƙafa ta yi sauƙi, amma da maganinsu, kada ki sa ni a littafinki.

Tun da na karanta "maimaita shekara" na fara haɗa kaya. Ran Litinin zan hau motar Zailani direba ta farko zuwa Zariya. Na ƙulle kwalbar, da gwangwanin kwaɓin, da safar da Innarki ta wanke sau uku ta haƙura. Farcen babban yatsa ma har yanzu shuɗi ne, na hana a yanke.

Ki ce wa malaminki ya ba ni minti biyar da wurin cire takalmi.

Tsohonki,
Ɗanladi