Lakar Fara a Ciki Take

Litinin, 3 ga Maris

Fara huɗu na lalata yau a ɗakin gwaji. Malama na so mu fito da ƙwaƙwalwar fara da igiyar jijiyarta ba tare da ta tsinke ba. Jarrabawa Alhamis ta sama. In na faɗi, sai maimaita shekara.

Laraba, 5 ga Maris

Ashe laifin hannuna ne. Ta ciki nake farke su, yadda na tashi ina ganin Baba na yi wa raguna. Ita kuwa fara lakarta ba a gadon baya take ba, a ciki take kwance, ƙulli-ƙulli kamar carbi. Da na sa almakashi na datse ta. Malama ta ce, “Ke, wa ya koya miki wannan aika-aika?” Shekara biyu ina ce wa 'yan ajinmu Baba ɗan kasuwa ne. Mahauci dai bai taɓa fita bakina ba.

Asabar, 8 ga Maris

Na zo da fara uku gida cikin kwalba. Baba ya yi dariya har da tari: “Wannan ce dabbar da ta gagare ki?” Na ce masa maƙogwaronta ta tsakiyar zoben jijiya yake ratsawa, ƙwaƙwalwa a sama, wani ƙulli a ƙasa. Kuma kowace ƙafa biyu da ƙullinsu, ko an cire kai suna iya motsi. Dariya ta tsaya. Ya sa tabarau, ya ce in sake faɗa.

Can ya ce, “To ki kifa ta mana. Ba a sa wuƙa a inda abin da ake so yake.” Ya nuna min yadda ake ɗaga fata kafin a yanka. Yatsunsa kamar taɓare, amma ko rawa ba sa yi.

Talata, 11 ga Maris

Biyu sun fita lafiya. Ƙwaƙwalwar da kyar ta kai kan allura. Da me take tunani, oho. Baba ma sai tambayata yake.

Alhamis, 13 ga Maris

Yau jarrabawa. Lakar ta fito ɗungurungum, tun daga kai har wutsiya. Malama ta daɗe a kan madubin ƙara girma, sannan ta ce, “Wannan hannun fa, a ina kika samo shi?”

Na ce, “Babana mahauci ne.”

Da ƙarfi na faɗa, wai. Na bayan aji ma sun ji.