Lambar Shagon Alhaji Mailafiya

Ollelewa,
Watan Sha'aban, 1985

Zuwa ga Yaya Manzo,

Assalamu alaikum. Gaisuwar ƙane ga wansa ce ke buɗe wannan takarda, da fatan za ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da dukan 'yan Damargu da ke zaune kusa da ku a Abijan. Allah ya ƙara maka buɗi, ya tsare ka daga wulaƙancin baƙunta. In ka tambayi tamu lafiyar, sai godiya. Inna tana tashi tana zama, ƙafafun ne dai ba su barinta ta yi nisa. Kawu Idrisa ya samu sauƙin tarin da ya yi fama da shi. Halima ta yaye 'yarmu, tana ta tafiya. Gari kuwa, Yaya, in ka gan shi ba za ka shaida shi ba. Daminar bara ko zangarniya ɗaya ba ta ba mu ba. Gidajen unguwarmu da yawa an toshe ƙofofinsu da ƙaya, masu su sun yi kudu. Rijiyar bakin kasuwa sai an kwana biyu ana jira kafin ta tara abin da zai cika guga.

Abin da ya sa na rubuto maka zancen ƙanenmu Jibo ne. Ka san bayan kaka ya kora 'yan shanun da suka rage mana ya bi ayarin Rissa, Buzun nan abokin Baba, suka nufi kudu neman ciyawa. Ya tafi da matarsa Sakinatu, tana da tsohon ciki. Da za su tashi ya ce da Inna kada ta damu, duk inda suka sauka zai nemi tarho ya kira shagon Alhaji Mailafiya a Tanut, kamar yadda kai ma ka saba. Lambar nan a kansa take kamar Fatiha. Rissa ya dawo shi kaɗai cikin sanyi, ba raƙumi ba akuya. Ya ce a wajen Magariya suka rabu, Jibo ya bi ta daji ya shiga Najeriya, tun da iyaka a rufe take.

Abin da Jibo bai sani ba, kai ma ina jin ba ka sani ba, shi ne Alhaji Mailafiya ya rufe shago. Ciniki ya mutu, ya kwashe iyalinsa ya koma Damagaram. Shekara da shekaru duk wanda ke da ɗa a waje, daga nan har Gangara da Belbeji, ta wannan tarho yake jin labarinsa. A kira, Alhaji ya riƙe saƙo, ranar kasuwa ya ba ɗan garinku ya kawo. Da ya tashi, sai aka ba wasu masu aikin haƙar rijiyoyi gidan da shagon yake, suka mai da shi biro, wato ofishinsu, tarhon ma ya zama nasu da lambarsa. Babu wanda ya sanar da kowa.

Ranar wata kasuwar Tanut Kawu Idrisa yana zaune wajen mai shayi, sai ya ji wani ma'aikacin biron yana tambaya ko akwai ɗan Ollelewa a wurin. Ma'aikacin baƙo ne a ƙasar nan, Hausarsa ba ta nuna ba. Ya ce kwanakin baya wani ya kira daga nesa, waya tana ta ƙara, yana neman Alhaji Mailafiya. Ya ce masa nan babu mai wannan suna. Sai mutumin ya fashe da kuka, ya ce shi ne Jibo na Ollelewa, don Allah a gaya wa mutanensu an yi rasuwa, shi ma yana kwance, a zo a ɗauke shi. Kawu ya tambaye shi wa ya rasu, matar ko jaririn, ya ce bai gane ba. Ya tambaye shi wane gari, ya ce an faɗi suna, amma wayar ta cinye shi, abin da ya kama kawai kamar da Gu ko Ga sunan ya fara. Yaya, Gumel ne, ko Gusau, ko Gashuwa, ko wani ƙauyen da ba mu taɓa jin sunansa ba? Daga baya maigadin biron ya faɗa mini an sake kira sau ɗaya, shi ya ɗauka, da ya ji ana ambaton Alhaji sai ya ajiye, don an yi masa kashedi cewa tarhon na aikin gwamnati ne, ba na saƙon ƙauye ba. Ban ga laifinsa ba. Shi ma abincinsa yake tsaro.

Washegarin da Kawu ya kawo labarin na hau motar kasuwa na tafi posta a Tanut. Shugaban wurin ya karɓe ni da mutunci, har ya ba ni kujera. Na roƙe shi ya duba mana daga wane gari kiran ya fito. Ya ce kira daga waje sai ya bi ta Yamai da Damagaram kafin ya iso hannunsu, su haɗawa kawai suke yi, ba su san tushensa ba. Na ce to a mai da lambar Alhaji nan cikin posta, inda kowa zai iya samun saƙonsa, tun da ita ce duk 'ya'yanmu na waje suka haddace. Ya girgiza kai, ya ce lamba ba ta Alhaji ba ce tun asali, ta hukuma ce, kuma gida take bi, ba mutum ba. Wanda ya gaji bango shi ya gaji lamba. Na ce to mu 'yan Ollelewa a ba mu tamu, ko ɗaya ce, a sa ta a gidan mai gari. Ya yi murmushin tausayi, ya ce ba a ba da lamba sai inda waya ta kai, kuma sai wurin da ke da adireshi a rubuce. Ya ce manya a Yamai sun daɗe suna shawara kan yadda za a raba lambobi ga ƙauyuka, da wanda zai riƙe su, da ko za a rataya mu a Tanut ko a Damagaram, amma har yau ba su gama ba. Na ce masa kafin su gama ba za su iske kowa a ƙauyukan ba. Sai ya raka ni har ƙofa.

Na wuce biron na roƙi shugabansu ya bar ni in riƙa zama bakin ƙofa ko Jibo zai sake kira. Ya yarda. Na yi kwanaki a Tanut ina kwana a masallaci, da safe in zo in zauna gindin bango. Duk lokacin da tarhon ya yi kuka sai in miƙe tsaye, sai in ji ana Faransanci kan siminti da man mota. Da guzurina ya ƙare na dawo gida. Ana cewa waya ta sa nesa ta zo kusa, mu kam ta kawo mana kukan ɗan'uwanmu har ƙofa, ta koma da sunan garin. Rashin sani ya fi dare duhu. Ba mu yi zaman makoki ba, don ba mu san wa za mu yi wa ba. Uwar Sakinatu takan zo ta zauna wajen Inna har la'asar, kowace tana tsoron yi wa 'yar'uwarta gaisuwa.

Na so in bi sawu da kaina. Kawu ya hana, ya ce Najeriya ba kasuwar Gangara ba ce da za ka shiga kana kiran suna, kuma in na tafi wa zai ɗebo wa Inna ruwa. Na aika saƙo ta bakin direbobi da fataken dabbobi, har yau shiru. Don haka nake roƙonka, ka bi zangon da 'yan ƙasarmu ke sauka ka tambaya, musamman waɗanda suka ratso ta Kano. Ka gaya wa duk wani ɗan Damargu kada ya ƙara kiran lambar Alhaji, ba ta kai wa ga kowa namu. In za ka rubuto, ka sa ta hannun mushen lakwal, malamin makarantar boko na Ollelewa, shi ma ban san ko zai kai damina a nan ba, don ajinsa ya kusa zama kango. Ba na so in sa maka rai, Yaya. Wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa yake, shi ya sa nake ta wannan roƙo, amma zuciyata ta fara sanyi.

Akwai magana ɗaya kuma. Mai gari ya ce kafin azumi duk wanda ya rage ya koma Tanut ko Damagaram, inda ake rabon hatsi. Na ɗaure kayanmu, na je na durƙusa gaban Inna na gaya mata. Ta ce in kwance. Ta ce yanzu Jibo ba shi da lamba, ba shi da Alhaji, abu ɗaya ya rage da ya sani a duniya, ƙofar gidan nan. In ya rarrafo ya iske ta da ƙaya, ina zai nufa? Na yi magiya, Kawu ya yi, limam ya yi, ta ce mu tafi mu bar mata tulu ɗaya. Ka san ba zan tafi ba. Halima da yarinya zan tura wajen danginta, ni in zauna.

Inna tana gaishe ka, tana sa maka albarka. Kawu Idrisa da Halima da Rissa duk suna gaisuwa. Ka gaida matarka Ladi da yara, ka gaida Ɗanmalam in kuna haɗuwa. Ka sa Jibo da Sakinatu a addu'a, da wadda ake yi wa masu rai da wadda ake yi wa mamata, Allah ya san wadda ta dace da kowa.

Naka ƙane,
Ɗan Azumi