Na Wanke Duwatsunka, Kaka

Zuwa ga kakana, Malam Bawa mai haƙar rijiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa irin wadda ban taɓa yi maka ba kana da rai, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin ni'ima, Ya yalwata maka makwanci. Mu nan Tambuwal lafiya lau, kasuwa na ci yadda ta saba. Na san za ka ce gaisuwar nan ta yi tsawo, lalle ja'irin ya ɓata wani abu. Ba ka yi kuskure ba. Zancen duwatsunka ne.

Ka tuna burgamin nan na fatar akuya da ke rataye bayan ƙofar ɗakinka a Kebbe. Duk rijiyar da ka haƙa, daga ƙauyukanmu har Sanyinna da Dogon Daji, in dagi ya ci karo da abin da hannun mutum ya sassaƙa, ba ka barin shi a rami. Gatarin aradu, kan kibiya na dutse mai kaifi kamar reza, wasu na ƙarfe da tsatsa ta ci rabinsu. Mutane na cewa aradu ce ke jefo su daga sama, kai kuwa kana dariya kana cewa, "Aradu ba ta da lokacin wasa dutse. Wanga aikin mutum na, mai yunwa kamar mu."

Kowane ɗaya ka naɗe shi a tsumma tare da ƙasar wurin, ka ɗaure da zare, ka yi wa zaren ƙulle-ƙulle. Ina yaro na sha tsokanarka cewa tsoho ya fara tara layu don ya ƙwace mini 'yammata. Ka ce matar da za ta kalle ni ai sai dai makauniya. Muka yi ta yi. Ban taɓa tsayawa na tambaye ka amfanin ƙullin ba.

Da ciwo ya kwantar da kai, ka tsallake 'ya'yanka duka ka miƙa mini burgamin. Ka ce, "Ɗan Koli, ba don kana da amana nika ba ka su ba, don ka iya karatu. Kada ka sayar, kada ka huda. In sun gundure ka, ka maida kowane ga rijiyarshi." Na ce to, ina lissafin ƙusar da zan rataye shi a rumfa. Shekara shida yana can tsakanin madubai da kwalin allura.

Ba zan ɓoye maka ba, an taya. Wani mai magani ya so gatarin aradu guda biyu, wai a goga a sha. Na ja shi da zance har ya gaji, ban sayar ba. Wannan ɗaya ka rubuta mini shi a ɓangaren lada, don abin da ke tafe ba shi da daɗi.

Akwai wani Malam Isa da ke koyar da tarihi a sakandare, yana sayen biro da alli a wurina. Ya ji labarin burgamin, ya roƙe ni in bari a jera duwatsun a akwatin gilashi a makaranta, yara su gani da idonsu cewa an yi mutane a ƙasar nan tun kafin a san ƙarfe. Ya ce a ƙarƙashi za a rubuta sunanka. Kaka, sunanka a makarantar boko, kai da ko alli ba ka taɓa riƙewa ba. Kaina ya kumbura. Na ce ya ba ni kwana uku in shirya kaya.

Kai ka san ɗan kasuwa. Abin da ba ya ƙyalli ba ya shiga ido. Na sa almakashi na datse zaren, na zazzage ƙasar a bakin kwata, na tara tsummokaran na cinna musu ashana. Na zuba duwatsun a roba na wanke da sabulu da buroshi. Da suka bushe na kasa su yadda ake kasa tumatir, manya nan, ƙanana can, baƙaƙe gefe. Har man gyaɗa na shafa wa wasu. Sannan na ɗauko gam mai kama ƙarfe, irin wanda nake rantse wa mutane cewa ko tayar mota yana riƙewa, na manna kan kibiya mafi kyau a jikin katako. Ya karkace. Na sa wuƙa in gyara, sai bayansa ya ɓantare ya zauna a katakon. Karo na farko ke nan da gam ɗina ya cika alkawarin da nake yi a kansa.

Malam Isa ya zo ya tsaya yana kallo. Bai yi faɗa ba, da ya yi da na samu abin mayarwa. Tambaya ɗaya ya yi, ina ƙasar da ke jikinsu. Na ce ai na share datti, har da tsummokaran da zaren mai ƙulle-ƙulle. Sai ya zauna kan benci ya cire hula. Ya ce mai irin wannan aikin ba ya ɗaure ƙasa a banza, ƙasar ita ce sunan garin, ƙullin kuma ƙila zurfin ramin ne. A nan na tuna yadda kake auna igiya da hannu biyu a buɗe, kana ƙirga gaba, kana ƙulla zare da haƙori. Na tuna kana ɗanɗana ƙasa a harshe ka faɗi ƙauyen da ta fito. Littafi ka bar mini, Kaka. Ni da ka zaɓa don na iya karatu, ni na wanke shi da sabulu.

Ya koya mini yadda ake yi, ko da yake a makare. A shimfiɗa farin saƙi a kan katako, a sa 'yar auduga ƙarƙashin kowane dutse don kada ya gogu. Ba gam, ba ƙusa, ba waya, don waya na cin bakin dutse. Zaren auduga kawai, a zagaya ƙugun dutsen sau biyu, a soka ta baya a ƙulle, yadda duk ranar da aka so a warware zai fito kamar ba a taɓa shi ba. Na ƙarfen a ware musu gefe, nesa da danshi, kada a kankare tsatsar. Kada a yi rubutu a jikin dutse. 'Yar takarda ce za a ɗinka a ƙasan kowane, a rubuta da fensir inda aka samo shi da zurfin ramin.

Da ya zo kan takardar ya dube ni, ya ce ko na riƙe wani abu a ka. Baki ya riga ni. Na ce ai duk na sani, tare muke yawo da tsohon.

Ya bar mini akwatin gilashin a rumfa. Ɗinkin na yi shi, kuma ya yi kyau, allura sana'ata ce. Takardun ne suka tsare ni. Na zauna na cika su tsaf: wannan Sanyinna, gaba tara, wancan Dogon Daji, gaba goma sha ɗaya. Babu mai kama ni. Kai kaɗai ne shaida, kai kuma ka yi nisa. Na sayar da turaren Kano da sunan na Makka ban ji komai ba, don mai saye ya shafa ya ji ƙamshi, an rabu lafiya. Amma wannan Malam Isa zai tsaya gaban yara ya karanta, su kwafa a littafi, su rubuta a jarrabawa, wani ya girma ya koya wa wasu. Ƙaryar kasuwa tana watsewa da la'asar. Wannan ba ta da ranar tashi, kuma sunanka ne a samanta.

Ka ga inda nake. Sayarwa ka hana. Mayarwa rijiya ba ta yiwuwa, ban san wace rijiya ce ta wane ba, wasu ƙauyukan ma yanzu ba a shiga sai da addu'a. In ajiye a rumfa, kullum suna kallona. In kai makaranta da takardun nan, na sa ka yi ƙarya kana kabari. In faɗa wa Malam Isa gaskiya ido da ido, na gwada sau biyu, ya zo sayen biro, bakina ya kama zancen tsadar kaya.

Guda uku sun tsira a gindin burgamin, don mai sayen madubi ya katse ni ranar wankin. Suna nan da tsummansu da zarensu. Na ƙirga ƙullin, bakwai, biyar, goma sha biyu. Na kwance bakin ɗaya kaɗan na lakaci ƙasar na sa a harshe kamar yadda kake yi. Ƙasa na ji, Kaka. Ƙasa kawai. Na daɗe zaune da ita a baki, ina jin kewarka irin wadda ban ji ba ko ranar da muka rufe ka.

Saboda haka na yi dabarar da na iya. Wasiƙar nan ba a aljihu zan sa ta ba, a fili na baza ta a dandalin sada zumunta inda kowa ke karantawa, kuma Malam Isa ba ya tsallake rubutuna. Kafin ya zo ɗaukar akwatin jibi ya riga ya sani. Na rufe wa kaina ƙofar baya, don na san halina, in na bar ta a buɗe zan bi. Takardun ƙarya na goge su, fensir ne. A ƙasan kowane dutse yanzu an rubuta: Malam Bawa ya haƙo, jikansa ya ɓatar da wurin. Ukun nan kuwa haka za su shiga gilashi a ɗaure, ko Allah Zai kawo mai harshe irin naka.

Ban sani ba ko makaranta za ta karɓi akwati mai irin wannan rubutu. In sun ƙi, zai dawo rumfa, mu ci gaba da zaman kallon juna.

Ka yafe mini, tsohona. Allah Ya jiƙanka, Ya sa kowane guga da aka ja a rijiyoyinka ya zame maka haske. Ya shayar da kai daga tafkin Annabi, kai da ka shayar da garuruwa. Ya jiƙan waɗanda suka wasa duwatsun nan, in suna cikin masu rabo. Ni kuma Ya ba ni ƙarfin tsayawa a rumfa jibi, kada in aika a ce na tafi Sakkwato sarin kaya.

Jikanka da ya iya karatu,
Garba Ɗan Koli, kasuwar Tambuwal