Rubutun Hannun Hagu

Litinin, 5 ga Mayu

Alhamdulillahi! Kulob ɗin sana'a na makarantar su Likita ya samu gurbi uku a ɗakin gwajin jini na asibiti, koyon aiki duk tsawon hutu. Jikata ce, ni na laƙaba mata Likita tun tana rarrafe, yau ga shi jikar kafinta za ta sa farar riga. Sharaɗi ɗaya ne: kowane ɗalibi ya koya wa babban mutum ɗaya karatu, ranar baje koli ya kawo shi ya karanta a gaban baƙi. Likita dai mai gugar layinmu take koya wa, sati biyar ke nan.

Laraba, 7 ga Mayu

Mai guga ya gudu. Wai idonsa ke ciwo. Katon banza, ni da na shiga ajin yamma ina da shekara hamsin da takwas ban mutu ba. Likita ta ƙi cin abinci. Saura kwana goma sha bakwai.

Asabar, 10 ga Mayu

Dabara ta zo min ina fiƙe fensir. Na ce mata, ga ɗalibi a gida. Ta ce, "Kaka, kai da kake karanta mana takardar magani?" Na ce makarantarku tana can ƙarshen gari, wa ya san ni? Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Tsohon nan, ashe kai mugu ne."

Tsohuwata ta ɓata rai. Wai shekara uku kana zama a bencin yara gwiwarka na taɓo haɓarka, yanzu ka ce ba ka iya ba? Na ce ke dai gyara min babbar rigata.

Alhamis, 15 ga Mayu

Yin kamar ba ka iya ba ya fi koyo wuya. Da hannun dama rubutuna ya cika kyau, sai muka koma hagu. Haruffan suka fito kamar ƙusoshin da aka zaro daga tsohon katako. Malamar kulob ta zo dubawa, ta ga na riƙe fensir kamar kurfin sassaƙa, ta ce, "Allah sarki, Baba, ba a makara da ilimi." Na sunkuyar da kai don kar dariya ta kufce min. Ta sa hannu a takardar Likita.

Malam, wanda ya koyar da ni a ajin yamma, ya ce in riƙa rubuta aƙalla layi uku kullum, ko hannu zai manta. Shekara goma sha ɗaya ban tsallake ba. Wannan littafin da hannun dama nake rubuta shi, ƙofa a rufe.

Juma'a, 23 ga Mayu

Gobe. Mun shirya wurare uku da zan yi tuntuɓe. Likita ta ce kar in wuce uku, kar a ce ba ta iya koyarwa ba.

Asabar, 24 ga Mayu

Ta samu! Ta ɗaya cikin ukun!

Bari in rubuta a jere. Zauren ya cika, 'yan ɗinki da kayansu a gefe, 'yan aikin katako sun jera kujerun da ko akuya ba za ta yarda ta hau ba. Ɗaliban wasu yaran suka karanta, wata dattijuwa ta kasa wuce layi biyu ta fashe da kuka, yaron da ya kawo ta ya tsaya kamar an dasa shi. Na ce a raina, ɗaya ya faɗi, saura biyar masu takara da Likita.

Aka kira ni. Na yi tuntuɓena uku daidai, na rubuta sunana a allo da hagu, aka yi tafi. Ina ajiye alli sai wani ya miƙe daga layin manyan baƙi. Malam ne. Ashe an gayyato shi saboda shekara talatin yana riƙe da ajin yamma. Ya rame, yana dogara sanda, amma fuskar nan kamar an yi masa albishir. Ya ce, "Kafinta! Wannan ai ɗalibina ne, shi ya zo na ɗaya a shekararsu." Ina jin bai ji bayanin da aka yi ba, kunnensa ya yi nauyi.

Malamar kulob ta juyo tana kallon Likita. Likita ta zama kamar toka.

Ban san daga ina maganar ta zo ba. Na karɓi abin magana na ce, "Gaskiya ne, na zauna a ajinsa shekara uku. Gyangyaɗi kawai na koyo, kuma a nan ne na zo na ɗaya." Dariya ta ɓarke. Na ji daɗinta, sai na ƙara. Na ce, "Takardar shaida kam ya ba ni, kowa yana ba. Ita muke fifita wuta da ita. Yarinyar nan ce ta buɗe min ido." Har shugaban makaranta sai da ya cire tabarau ya share hawaye.

Malam ya buɗe baki, wanda ke kusa da shi ya ja masa riga. Ya zauna.

Ta samu. Na ɗaga ta sama a bakin ƙofa, bayana ya amsa, ban damu ba.

Lahadi, 25 ga Mayu

Tsohuwata ta ajiye min abinci. Daga baya ta ce, "Tabaraun da ke fuskarka wa ya raka ka aka gwada maka, ba Malam ba?" Mata da tone-tone.

Talata, 3 ga Yuni

Likita ta ce an karɓe makullin ajin yamma daga hannun Malam, 'yan kulob ne za su riƙe shi daga zango mai zuwa. Wai shugaban makaranta ya ce an ji shaida daga bakin ɗalibi. To, dama ya tsufa. Hutu ne aka ba shi.

Litinin, 21 ga Yuli

Yau Likita ta fara aiki. Farar riga har gwiwa, da kati a wuya. Na raka ta, na zaga wurin sau biyu don a san tawa ce. Shugabar ɗakin gwajin ta gane ni, tana zauren ranar. Ta ce, "Ga Baba mai gyangyaɗi!" Ta miƙo littafin baƙi. Na kai hannun dama, Likita ta taka min ƙafa. Na sauya. Suka taru suna kallo, wata ta ce, "Kai, ya yi ƙoƙari." Aka tafa min.

Asabar, 2 ga Agusta

'Yar Malam ta kawo ambulan da hantsi, ta ƙi shigowa. Likita na tsakar gida da abokiyar aikinta. Na gane takardar tun kafin in warware ta, wasiƙar farko da na taɓa rubutawa a duniya, da jan makinsa a ƙasa. Bai ƙara ko harafi ba.

Abokiyar ta ce, "Karanta masa mana, rubutun haɗe ne, zai yi masa wuya." Likita ta karɓa. Ta karanta a fili, "Zuwa ga Malamina, wanda ya buɗe min ido." Ta tsaya. Ta ninke ta huɗu, ta ce, "Talla ce kawai, Kaka." Ta sa a ƙarƙashin kofinta.

An ce ta fi kowa iya gano jijiya. Ina cikin farin ciki. Kwana goma sha biyu ban buɗe littafin nan ba, aiki ne ya yi yawa. Hannun dama ne dai yake min nauyi.