Turminki na Bur Dubai

Assalamu alaiki, Hadiza, Maman Zainab,

Na san ba za ki karanta wannan ba. Da sauƙi ma, tunda ko da ranki dariyar rubutuna kike yi, wai alƙalamina ɗingishi yake.

Labari biyu ne. Zainab za ta yi aure bayan Sallah, yaron kirki ne, ɗan Kano. Na biyu, tsohon gidanmu na Bur Dubai ya zama masaukin baƙi, irin wanda ake kwana a tashi a tarar da karin kumallo. Kin tuna an ce wani attajirin lu'ulu'u ne ya gina shi, jikokinsa suka yayyanka shi da katako suka zuba mu 'yan haya? An cire katakon. Ɗakinmu yanzu Turawa ke kwana a ciki, har hoto suke ɗauka a tagar da kike shanya tsumman Zainab.

To, ga laifina. A asibiti kin ce in ajiye wa Zainab turmin da Innarki ta ba ki. Na ce to. Ranar da muka tashi zuwa unguwar Satwa mota ta cika, na zaɓi talabijin na bar turmin. Ko shekara bai yi ba ya lalace. Ita kuwa tun tana ƙarama nake ce mata turmin yana nan a ajiye.

Jiya na je tsohon gidan. Turmin yana tsakar gida, an shafe shi da mai, an kewaye shi da igiya, an rubuta wai Larabawan zamanin da ne suke daka gahawa a ciki. Gahawa fa, Hadiza, a turmin daddawa da kuka. Na yi wa manajan bayani da Turancina na aji huɗu, na cike da Larabcin kasuwa. Ya saurara da ladabi, ya kira ni habibi, ya nemi takardar shaida. Wa ke da takardar turmi? Sai ya sa aka kawo min shayi.

Ni da nake hana ki daka saboda maƙwabta, na miƙa hannu in shafa shi kawai, aka ce ba a taɓawa.

Zainab har ta ware masa wuri a kicin ɗinta. Me zan ce mata? In sayo sabo in goga masa daddawa? Hancinki gare ta, za ta gane.

Allah ya kai haske kabarinki. Ki yafe min tun kafin ita ta ji.

Naki,
Baban Zainab, wanda ya zaɓi talabijin