Labulen Ɗakin Auta

Maman Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya gida, ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, aikin walda na tafiya, idon ma da sauƙi.

Jiya na je ofishin biza. Kin tuna iri biyu ne a gabana lokacin tahowa: ta 'yan kwantiragi mai fitowa cikin wata guda, da ta masu sana'a, wadda sai an jira shekara amma ana zuwa da iyali. Kika ce in jira, na ce ke me kika sani. To, sai yanzu aka sauya min zuwa ta masu sana'a, bayan shekara huɗu. Ke za ki iya zuwa. Auta kuwa, ma'aikaciyar ta duba takardar haihuwarta, ta ce ta cika sha takwas da kwana tara, ta wuce shiga takardar uba.

Kada ki gaya mata, ni zan kira ta. Ɗazu ma ta tambaye ni ko na rataya labulen da ta zaɓa wa ɗakinta. Na rataya, ya yi kyau. Na ja ƙofar.

Ke kika fi ni sani. Ki yafe min.

Naki,
Baban Auta